Kujerar Bayan Da Umma Ta Hana A Taɓa

Shekarun baya, a wani hutun makaranta na lokacin sanyi, na ƙudurta sai na kai iyalina bakin Bahar Maliya. Ni haifaffen Madina ne, a unguwar Ƙiblatain na tashi, iyayena ne suka zo daga ƙasar Kano tun da ƙuruciyarsu suka zauna. Aikina kuwa tsara wa baƙi ziyara: mota ta tashi ƙarfe kaza, ta tsaya Ƙuba minti kaza, ta wuce Uhudu, ta dawo kafin azahar. Na daɗe ina wannan aiki, har na kai ina jin babu tafiyar da za ta gagare ni tsarawa. Matata takan ce ko shayi za a sha a gidanmu sai na rubuta masa jadawali.

Su yaran, 'yan mata biyu, teku kawai suke son gani, don ƙawayensu duk sun je sun dawo da hotuna. Ni kuwa abin da ke raina ya wuce nan. Mahaifiyata tana da ƙanwa guda ɗaya tak a duniya, muna ce mata Hala. A Umluj take aure, wani garin masunta da ke gaba da Yanbu in ka bi gaɓar teku ka yi arewa. Da can duk azumi takan zo mana. Sai mijinta ya kwanta ciwo, ta zauna jinya. Ya rasu, ba a rufa shekara ba ita ma ɓarin jikinta ya shanye. Shekara shida ke nan 'yan'uwan nan biyu ba su sa juna a ido ba, sai waya. Wayar ma ta fara gajarta, daga gaisuwa sai "a gaida yara". 'Yar Hala, wadda ke jinyarta, ta faɗa mini a keɓe cewa jikin ba sauƙi yake yi ba. Tsorona shi ne wata rana a bugo a ce ta cika, Umma ba ta gan ta ba.

Matsalar ita ce Umma ba ta tafiya. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce "ba zan je ba". Ina! Umma ta fi haka wayo. Yau gwiwa ce, gobe zafi ya yi yawa, in sanyi ya shigo kuma maƙwabciya za ta aurar da 'ya. Ko ta'aziyyar mijin Hala ni da matata muka je, muka kai uzurin gwiwa. Na ga yadda Hala ta karɓi uzurin nan, ta ce "Allah ya ƙara sauƙi" tana kallon bango.

Don haka na ce bari in yi dabara. Ba zan ce za a je duba Hala ba, zan ce yawon yara ne, Umluj kuwa hanya ce kawai ta biya da mu. Sati biyu na yi ina shiri. Na buga taswira, na ja layi da jan biro. Mu tashi bayan asuba, mu karya a Badar, mu ziyarci shahidai, mu sayi dabino. Azahar a Yanbu, mu ci kifi da shinkafa, mu kwana a wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake kamawa a bakin ruwa. Washegari mu bi gaɓa a hankali har Umluj. Har inda rana za ta fi dukan gilashin mota sai da na lissafa, don in san ɓangaren da zan zaunar da Umma.

Wata rana bayan la'asar na shimfiɗa taswirar a gabanta, yara suka kewaye mu. Na fara bayani kamar ina gaban ayarin alhazai. Ta bar ni na kai har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan Badar.

"Daga nan zuwa gida awa nawa ne?"

Na faɗa mata.

Ta matsar da yatsa Yanbu. "Daga nan zuwa gida fa?"

Na faɗa.

"Daga wajen 'yar'uwar tawa zuwa gida? In ba a tsaya ko'ina ba."

"Awa huɗu, ko da ɗan wani abu."

Ta ci gaba da kallon jan layin nan. Na riga na shirya amsar gwiwa, na shirya amsar sanyi, har na bincika na tabbatar babu maƙwabciyar da ke da biki. Sai kawai na ji ta ce, "To, zan je."

Ƙaramar 'yata ta daka tsalle ta rungume kakarta, tana "Wallah ya Sitti? Wallah?" Ni kuwa sai naɗe taswira nake ina warwarewa.

"Amma da sharaɗi," in ji Umma. "Kujerar can ta baya, doguwar, kada a sa mini komai a kai. Ba jaka, ba kula, ba mutum. A shimfiɗa ƙaramar katifa da matashi, a rufe da farin zanen gado."

Motata mai kujeru layi uku ce, kuma a tsarina layin baya nan ne wurin kaya. Na ce, "Umma, ai a gaba za ki zauna, kujerar tana kwantawa in kin gaji."

"Na ce maka zan kwanta ne?"

"To wa zai kwanta?"

"Kai dai ba tuƙi ne naka ba? Ka yi tuƙinka."

Abin ya tsaya mini a rai. Ni mutum ne da in ban gane dalilin abu ba, ba na samun sukuni. Abu biyu suka dame ni: kujerar, da kuma yadda ta yi tambayoyinta. Duk wanda na taɓa tsara wa tafiya, tambayarsa ita ce yaushe za a isa. Umma ita kaɗai ce ta tambayi yaushe za a dawo, kuma daga kowane zango.

Na sami matata a kicin tana tankaɗe, na zayyana mata. Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ke neman hularsa alhali tana kansa.

"Malam, shekara nawa da rasuwar Baba?"

"Sha ɗaya."

"A ina ya rasu?"

"A Jidda, kin sani ai."

"Tun daga ranar, ka taɓa ganin Umma ta kwana a wajen Madina? Ko umara ka ga ta koma?"

Na jingina da ƙofa. Mahaifina ya yi shekara arba'in da wani abu a Madina, kuma duk wanda ya san shi ya san burinsa ɗaya ne: ya cika a garin Manzo, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ya je Jidda ɗaurin aure na kwana biyu, zuciyarsa ta buga a can, a can aka binne shi. Na san tsofaffinmu da dama masu irin wannan tsoro, waɗanda ko Badar ba sa yarda su kwana don kada ajali ya same su a waje. Nakan ma ba baƙi labarinsu a mota, suna jinjina kai. Amma ban taɓa kawo cewa guda tana cikin gidana ba, ina kai mata man zafi tana karɓa tana sa mini albarka.

Na ce, "Kin sani duk shekarun nan ba ki faɗa mini ba?"

"Na ɗauka ka sani. Kowa ya sani. Har mai kawo mana gas ya sani."

"To kujerar fa?"

Nan ta ajiye rariya. Ta ce wannan kam ba ta sani ba. Muka dubi juna, kuma na tabbata tunani ɗaya ne ya zo mana: katifa, matashi, farin zane, awa huɗu in ba a tsaya ba. Babu wanda ya furta a cikinmu.

Daga ranar na zama ɗan leƙen asiri a gidana. Kuma duk abin da na gani sai ya ƙara tabbatar mini da abin da nake tsoro. Umma ta kwashe rabin kayan durowarta ta rabar, har da zannuwan da ta fi so. Ta sa aka tura gadonta jikin bango, rabin ɗakin ya zama fili. Ta bi ƙawayenta na Harami ɗaya bayan ɗaya, ban san me suke ƙusƙus a kai ba, amma ɗaya ta fito daga ɗakinta tana share ido. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsaraba. Umma ko maƙwabta za ta shiga sai ta ƙulla wani abu a leda. Amma ga shi za ta wajen ƙanwarta bayan shekara shida, garin da ba a samun kuka da daddawa sai an aiko, ba ta ƙulla ko ƙwayar barkono ba. Da matata ta tuna mata, sai ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Ba za a buƙata ba."

Ba za a buƙata ba! Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Ina da wani aboki direban is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, tare muka yi makaranta. Na same shi a wurin shan shayi bayan ya tashi aiki, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce wai misali, in mutum yana tafiya da tsoho, Allah ya yi ikonsa a hanya, za a iya juyowa da shi Madina?

Ya ajiye kofi. "Wane tsoho?"

"Misali na ce."

"Misalin nan yana da gwiwa mai ciwo?"

Dole na faɗa masa komai. Ya ce in fitar da wannan tunani daga kaina, ba a ɗauko mamaci a kujerar baya kamar buhun dabino. Akwai likita, akwai takardu, akwai izini, wani lokaci a dace, wani lokaci a ce a binne a inda aka cika. Sannan ya ce, "Amma kai ma da abin mamaki kake. Ka je ka tambaye ta mana. Uwarka ce fa, ba hukuma ba."

Na ce ba a yi wa Umma irin wannan tambaya. Ya ce to in ci gaba da ramewa.

Maimakon in tambaya, sai na koma ga abin da na iya. Na sake buga taswira. Wannan karon da koren biro na bi hanya ina zagaye duk inda asibiti yake, babba da ƙarami, ina rubuta minti nawa ne tsakaninsu. Na kai ta aka auna jininta da sukarinta, likita ya ce ta fi ni lafiya, ni ne ma ya kamata in rage shayi. Na kai mota aka duba taya da birki sau biyu, har bakanike ya tambaye ni ko Sham za ni. Kayanmu kuwa na sayo igiya na ɗaure su a saman mota. Sau biyu na yi niyyar fasa tafiyar gaba ɗaya. In na tuna fuskar Hala tana kallon bango, sai in fasa fasawar. Amma ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro ƙwarai. In wani abu ya sami Umma a hanya, ni ne na fitar da ita daga garin da ta yi shekara sha ɗaya tana tsare kanta a ciki, kuma da dabara na fitar da ita.

Ana gobe tafiya ta kira ni ta ce a soke kwanan Yanbu. Kai tsaye za a wuce. Yara suka ɓata rai, babbar ta ce, "Lesh ya Sitti? Don me? Teku fa?" Umma ta ce tekun da ke Yanbu shi ne dai ya miƙe har Umluj, ba guduwa zai yi ba. Haka sati biyun da na yi ina tsari suka tafi a jimla ɗaya.

Muka tashi bayan asuba. Umma tana gaba kusa da ni, matata da yara a tsakiya, farin zane a baya. Duk sanda na ɗaga ido na dubi madubi, shi nake gani. Da muka zo fita iyakar Harami, inda alamun nan suke a gefen titi, na ji carbinta ya tsaya. Ta juya tana kallon baya har duwatsu suka rufe garin. Na rage gudu, na ce ko in tsaya.

"Wa ya ce ka tsaya? Yalla, mu je."

A Badar mun tsaya minti ashirin maimakon awa ɗayan da na rubuta. Duk bayan ɗan lokaci sai in saci kallonta, in ga ko numfashinta daidai yake. Da ta gyangyaɗa bayan mun wuce Yanbu, kanta ya langaɓe jikin gilashi, sai da na kira ta da ƙarfi har motar ta yi ɗan kaucewa. Ta buɗe ido ta ce, "Kai wannan, lafiyarka kuwa? Tun safe kake kallona kamar na ci maka wani abu." Yara suka tuntsire da dariya. Daidai nan teku ya bayyana ta hagu, shuɗi har iyakar gani, suka manne da gilashi suna ihu. Umma ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Masha Allah, ruwa dai," ta koma ga carbinta.

Mun isa gidan Hala wajen azahar. Ƙaramin gida ne, tsohuwar komar mijinta tana rataye a tsakar gida har lokacin. Tana kwance a ɗaki, an jingina ta da matasai, ta rame ƙwarai, bakinta ya ɗan karkace. Umma ta tsaya a bakin ƙofa. Na zaci za a yi kuka, har na tura yara waje.

Hala ta dube ta sama da ƙasa, ta ce da muryarta mai nauyi, "Yaya, kin tsufa."

"Ke kuma kin ji daɗi, kina kwance ana yi miki komai."

"Gwiwar ta warke ke nan?"

Umma ta ƙaraso ciki. Ta cire takalmi, ta hau gadon, ta ɗauki shanyayyen hannun ta ɗora a cinyarta tana murzawa. Na ja ƙofa na bar su.

Washegari da hantsi na kai yara bakin ruwa, suka jiƙe har wuya, suka tsinci bawon katantanwa cike da leda. Muna dawowa na tarar da Umma a tsakar gida tana ba 'yar Hala umarni: a haɗa magunguna, a ɗauko takardun asibiti, kaya kala biyar sun isa, sauran akwai a can. Yarinyar tana tsaye da jaka a hannu. Umma ta juyo gare ni.

"Kai, je ka kakkaɓe katifar nan, ka matso da mota bakin ƙofa. Gobe da asuba za mu ɗauki 'yar'uwata."

Sai a lokacin kaina ya waye. Rabin durowa, rabin ɗaki, tsarabar da ba za a buƙata ba. Dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da hawaye, har sai da na zauna a kan wani bokiti. Umma ta ce me ya same ni. Matata, wadda ba ta iya rufa mini asiri, ta faɗa mata abin da muka zata, har da koren biro.

Umma ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Wato sati uku kana tuƙa gawata a ranka? To da na mutu, ni zan shimfiɗa wa kaina zanen?"

"Ai da kin faɗa mini, Umma."

"In faɗa maka, ka buga waya ka tsara da 'yarta, ita kuma ta ji ta shirya mini amsa? Bakinka ba ya riƙe magana."

Amsar kuwa ashe a shirye take. Daga cikin ɗaki muka ji Hala tana kira. Muka shiga gaba ɗaya.

"Yaya, na ji ki. Ba inda za ni."

Umma ta zauna a bakin gado. Ta fara a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ta ce ta gyara mata wuri, gado kusa da gado. Ta ce akwai keken da za a riƙa tura ta Harami. Sannan ta faɗi ainihin maganar, wadda ban taɓa jin ta furta ba: "Ke da ni ba yara ba ne. Abin da ya rage mana kaɗan ne. Ki zo mu jira shi a can tare, a kai mu Baƙi'a. Na ga yadda aka yi da mahaifin yaron nan. Ba zan iya a sake yi mini haka da ke ba."

Hala ta juya kai ta dubi taga. Magana tana yi mata wuya, sai ta tattaro ta.

"Wa ba ya son maƙwabtaka da Manzo, Yaya? Ina so. Amma maigidana yana kwance a maƙabartar bayan masallacin can, in an buɗe tagar nan ina hango katangar. Shekara talatin da takwas, in ya fita teku ina nan ina jira. Da zai cika ya ce kada in bar shi shi kaɗai a garin da ba danginsa. Na ce to."

"Mamaci ba ya kaɗaici."

"To me ya sa kike son in je in kwanta kusa da ke?"

Tunda nake ban taɓa ganin an ƙure Umma ba sai ranar. Ta tashi ta fita tsakar gida, ta zauna a ƙarƙashin komar nan, ta juya mana baya. Abincin rana ma a can aka kai mata, ba ta taɓa ba. Babu wanda ya kusance ta har aka kira la'asar.

Da asuba na sauke igiya na fara ɗaure kaya, zuciyata ba daɗi. Na ɗauko jakar Umma zan ɗora, sai na ji muryarta a bayana.

"Ajiye wannan."

Na juyo.

"Ku tafi. Yara suna da makaranta. Ni ina nan."

"Har yaushe, Umma?"

"Har sanda na ce ka zo."

Na rasa yadda zan yi tambayar, amma wannan karon na daure na yi. Na ce, "In kuma... in wani abu ya faru a nan fa?"

Ta dubi titin da muka biyo, ta daɗe tana dubansa. Na ga tsoron bai tafi ko'ina ba, yana nan a fuskarta. Ta ce, "In ya zo a nan, ku bar ni a nan. Kada ka wahalar da kowa da takardu. Halas, magana ta ƙare." Sannan ta karɓi jakarta da kanta ta shige ciki, ta ce in na isa in aiko da kuka da daddawa, don miyar gidan nan ba ta da ɗanɗano.

Na tuƙa har muka wuce Yanbu idona a kan titi kawai. Matata ma ta ƙyale ni, abin da ba ta saba ba.

Yanzu in na tuna, abin da ya fi ba ni kunya ba kuskuren kujerar ba ne, wannan ya zama abin dariya a gidanmu, yara har yau suna tsokanata da shi. Abin kunyar shi ne na iya lissafa inda rana za ta doki gilashi, amma shekara sha ɗaya ban san abin da ke hana mahaifiyata fita ba, alhali ɗakinta yana kallon nawa. Na tambayi matata, na tambayi abokina, na tambayi likita da bakanike. Ita kaɗai ce ban tambaya ba. Tun daga lokacin, in tsoho ya ce mini gwiwa, nakan ja kujera in zauna in ji sauran maganar.

Wata biyar Umma ta yi a Umluj. Duk bayan sati biyu, ranar Juma'a, nakan je in kai saƙo, in tarar da su suna faɗa a kan wanda ya fasa tulun kakarsu tun suna yara. A farkon zafi Hala ta cika, da rana, kanta a cinyar yayarta. Umma ce ta yi mata wanka da hannunta, aka kai ta bayan masallacin nan.

Bayan an share makoki na je na ɗauko ta. Umma tana nan da ranta har yau, a ɗakinta na Ƙiblatain, kuma burinta na Baƙi'a bai canja ba, kullum tana roƙo, mu ma muna taya ta. Amma ba na manta abin da ta faɗa a hanyar dawowa. Mun wuce Badar, ta jingina kai da gilashi tun daga Umluj, har na zaci barci take. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Shekara sha ɗaya na yi ina gadin kabarin da ban ma san ko nawa ba ne. Ita kuwa, 'yar uwata ciki ɗaya, wata biyar kawai na ba ta."

Can ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce in rage sanyin motar nan, yana shiga mata ƙafa.